Banshee: Jirgin da Ya Riƙa Keta Ƙawanyar Yaƙin Basasar Amurka, da Audugar da Ta Biya Kuɗinsa

A watan Nuwamba na 1862 kamfanin Jones, Quiggin da ke Liverpool ya saukar da wani jirgin ruwa cikin Kogin Mersey, wanda duk tsohon matuƙin da ya gan shi sai ya girgiza kai. Tsawonsa ƙafa 214, faɗinsa ƙafa 20 kacal, abin da ke nutsewa cikin ruwa kuwa bai wuce ƙafa 8 ba. Siriri ne, ya kwanta a kan ruwa ƙasa-ƙasa, tururi ke juya masa manyan ƙafafun tuƙi biyu, ɗaya a kowane gefe. A zamanin da ake ƙera jirage da katako ko baƙin ƙarfe, shi da fallayen sitil aka yi shi, waɗansu kaurinsu bai fi milimita 3 da 'yan kai ba. Babu igwa ko ɗaya a kansa, saboda haka ba na yaƙi ba ne. A matsayin jirgin dako kuma, cikinsa ya yi ƙanƙanta ƙwarai, injin da rumbun kwal sun cinye wuri. Sunansa Banshee, kuma aiki ɗaya tak aka ƙera shi dominsa: ya sulale cikin duhu ta tsakanin jiragen yaƙin Amurka, ya shigar wa 'yan awaren Kudu da kaya, ya fito da auduga.

Ana yawan ba da labarin irin waɗannan jirage a matsayin labarin jarumta, kuma jarumtar tana nan, ba a musu. Amma wanda ya bi lissafin kuɗin da kyau zai ga wani abu dabam, kuma shi nake so mu bi.

Yadda aka rufe teku

Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a watan Afrilu na 1861, jihohi 11 na Kudu suka ɓalle daga Tarayyar Amurka domin kare tsarinsu na bauta. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4 a ƙasar, akasarinsu a Kudu, kuma su ne ke noman audugar da tattalin arziƙin yankin ya tsaya a kai. Ranar 19 ga Afrilu Shugaba Abraham Lincoln ya shelanta yi wa tashoshin ruwan 'yan aware ƙawanya. A takarda abin ya fi kama da fatar baki. Gaɓar tekun da za a tsare ta kai mil 3,500, cike da bakunan koguna da lunguna, alhali jiragen yaƙin Tarayya da ke bakin aiki a lokacin 42 ne, waɗansu ma suna can nesa a wasu tekuna. Sai dai gwamnatin ta shiga saye da ƙira ba kama hannun yaro, har zuwa ƙarshen 1864 tana da jirage 671.

Akwai wani ƙulli na shari'a a nan, kuma shi ne ya buɗe wa 'yan kasuwar Ingila ƙofa. A dokar ƙasa da ƙasa, gwamnati kan rufe tashoshinta ne da umarni, ƙawanya kuwa abokin gaba ake yi wa. Da Lincoln ya kira matakinsa ƙawanya, tamkar ya yarda ke nan cewa yaƙi ake yi tsakanin ɓangarori biyu. Nan da nan, ranar 13 ga Mayu, Birtaniya ta shelanta cewa ita 'yar ba-ruwanmu ce. Ma'anar haka ga ɗan kasuwar Liverpool mai sauƙi ce. In ya aika jirgi ya keta ƙawanya, dokar ƙasarsa ba ta ɗauke shi mai laifi ba, amma in aka kama jirgin gwamnatinsa ba za ta ce uffan ba, jirgi da kaya sun zama ganima. Ma'aikatan jirgin da ke 'yan Birtaniya galibi a kan tsare su ɗan lokaci a sake su. Sharaɗin dai kada su harba ko harsashi ɗaya, domin wanda ya harbi jirgin yaƙi daga jirgin kasuwa ya zama ɗan fashin teku, hukuncinsa rataya. Dalilin da ya sa Banshee ba ta ɗauke da igwa ke nan.

Me ya hana Birtaniya ta fasa ƙawanyar da ƙarfi, alhali ita ce mai jiragen yaƙin da suka fi na kowa a duniya, masaƙunta kuma suna neman auduga ruwa a jallo? Amsar tana cikin ƙarfin nata. Ƙasar da ke mulkin teku ita ce ta fi kowa buƙatar makamin ƙawanya a yaƙinta na gaba. Landan ba ta so ta kafa misalin da za a juya mata gobe, don haka a farkon 1862 ta amince cewa ƙawanyar Lincoln halastacciya ce duk da ɓarakar da ke cikinta.

Su kuma shugabannin Kudu sun yi wa kansu mummunan lissafi. Sun daɗe suna tinƙaho cewa auduga sarki ce, tunda wajen kashi uku cikin huɗu na abin da masaƙun Ingila ke sarrafawa daga gonakinsu yake fitowa. Saboda haka a 1861, lokacin da ƙawanyar ba ta yi ƙarfi ba kuma jirage na iya fita salin-alin, sai suka riƙe audugarsu da gangan, wai yunwarta ta tilasta wa Turai shiga yaƙin. Ashe rumbunan Lancashire, yankin masaƙun Ingila, a cike suke da rarar shekarun baya. Kafin yunwar audugar ta cije, ƙofar da suka ƙi amfani da ita ta riga ta ƙuntata. New Orleans, babbar tasharsu, ta faɗa hannun Tarayya a watan Afrilu na 1862.

Daga nan farashi ya haukace. Audugar da ake sayarwa a Liverpool kan kobo 6 zuwa 7 na kuɗin Ingila a kowane awon laba kafin yaƙi, ta haura 30 a 1864. A Kudu kuwa tana jibge a rumbuna, arha kamar banza, an rasa mai fitar da ita. A ɗaya gefen, gishiri da kofi da magani da takalmi da albarushi sun yi tashin gwauron zabo a garuruwan 'yan aware. Duk wanda ya iya haɗa waɗannan kasuwanni biyu, ko da sau biyu ne, ya mayar da kuɗin jirginsa. Masu Banshee, wato kamfanin Edward Lawrence na Liverpool da abokan jarinsa, wannan giɓin suka hango.

Liverpool ba baƙuwar irin wannan kuɗi ba ce. A ƙarni na 18 ita ce babbar tashar jiragen cinikin bayi ta Birtaniya, daga baya ta koma babbar kasuwar audugar da jikokin waɗannan bayi ke nomawa. A can kamfanin Fraser, Trenholm yake, wanda ya zama tamkar bankin gwamnatin Kudu a Turai. Abin da ke taɓa ni shi ne, a watannin da ake gama haɗa Banshee, ma'aikatan masaƙun Manchester, waɗanda rashin audugar ya raba dubban ɗaruruwansu da aiki, sun taru ranar 31 ga Disamba 1862 suka aika wa Lincoln wasiƙar goyon baya kan kawar da bauta. Tsakanin biranen biyu bai fi tafiyar mil talatin da 'yan kai ba.

Hanyar Nassau

Babban jirgi ba zai iya keta ƙawanya ba, ƙaramin jirgi mai gudu kuma ba zai iya ɗaukar kwal ɗin da zai riƙa ƙetare Tekun Atlantika da shi ba. Sai aka raba aikin biyu. Manyan jirage su kwaso kaya daga Ingila su sauke a tsibiran da ke ƙarƙashin tutar 'yan ba-ruwanmu: Nassau a Bahamas, St. George's a Bermuda, da Havana a Kuba. Daga can ƙananan masu gudu su ɗauka. Wanda ya taɓa ganin yadda tirela ke sauke kaya a garin kan iyaka, da dare 'yan babura su riƙa tsallakawa da su kaɗan-kaɗan, ya fahimci tsarin. Daga Nassau zuwa Wilmington a Jihar North Carolina kusan mil 570 ne, tafiyar kwana uku. Nassau, wadda a da ƙaramin gari ne mai barci, ta cika da dilolin auduga da dillalai da zinariya da mashaya.

Banshee ta bar Liverpool a farkon 1863, kuma tun a hanya aibinta ya bayyana. Fallayen nan marasa kauri suka riƙa lanƙwasa cikin igiyar ruwa, ruwa na shiga, har sai da aka ratse da ita tashar Queenstown a Ailan aka yi makonni ana gyara. Gudun da aka yi alkawari, mil 11 na teku a awa, bai samu ba, da ƙyar take yin 9. Duk da haka ta isa Nassau, kuma ita ake lissafawa a matsayin jirgin sitil na farko da ya ƙetare Atlantika. Wakilin masu kaya a cikinta wani matashi ne mai shekara ashirin da 'yan kai, Thomas Taylor, wanda ya rubuta abin da ya gani aka buga a 1896. Yawancin abin da aka sani game da tafiye-tafiyen jirgin daga bakinsa ya fito. Kyaftin ɗin sunansa Steele.

A Nassau aka yi mata shirin ɓuya. Aka sassare dogayen sandunanta aka bar guntaye, aka shafe ta da fenti mai ruwan toka, launin da ke narkewa cikin hazon teku da dare har mutum ya kasa ganin jirgi daga 'yar tazara. Kwal ɗin Wales ake nema, domin hayaƙinsa kaɗan ne. Gwamnatin Tarayya ta hana fitar da nata kwal marar hayaƙi saboda wannan dalili. An shirya injin yadda zai busar da tururinsa a ƙarƙashin ruwa ba ƙara. Ko zakara ba a yarda a ɗauka ba cikin kajin abinci, kada ya yi cara da asuba ya tona asiri.

Wilmington ta zama zaɓin 'yan fasa-ƙwauri ne saboda yadda Allah ya tsara bakin Kogin Cape Fear, kogin da garin yake a gaɓarsa. Ƙofa biyu gare shi. Tsakaninsu akwai tsibirin Smith, daga bakin tsibirin kuma tudun yashi na Frying Pan ya miƙe cikin teku mil da yawa a ƙarƙashin ruwa. Daga cikin kogi, tsakanin ƙofofin biyu 'yar gajeruwar tafiya ce. Daga waje kuwa sai jirgi ya yi dogon zagaye. Dole Tarayya ta ajiye rundunoni biyu waɗanda ba sa iya kai wa juna ɗauki da sauri, shi kuma mai fita ya tsaya a cikin kogi ya leƙa ya zaɓi ƙofar da ta fi sauƙi. Ƙofar arewa tana ƙarƙashin igwogin Fort Fisher, wani ƙaton sansani na tulin yashi da Kanar William Lamb ya gina, wanda harsashin igwa ke nutsewa cikinsa maimakon ya farfasa shi. Daga Wilmington kuma layin dogo ya miƙe zuwa Virginia, inda rundunar Janar Robert E. Lee take.

Ga yadda ake shiga. Ana auna tafiya ta dace da daren da babu wata da lokacin cikar teku. Jirgi ya nufi gaɓa can arewa da ƙofar, mil goma sha biyar ko ashirin, sa'an nan ya juyo ya bi bakin gaɓa a hankali, dab da inda igiyar ruwa ke fashewa. Ƙarar igiyar ta rufe ƙarar ƙafafun tuƙi, duhun tudun gaɓa ya ɓoye siffar jirgin, manyan jiragen Tarayya kuma ba sa iya matsowa ruwa marar zurfi haka. Duk fitila a kashe, ko taba ba a kunnawa. An lulluɓe ƙofar ɗakin inji da tamfol, masu zuba kwal na gasuwa a ciki. Akwatin kamfas ma an rufe shi, an bar 'yar kafar da matuƙi zai leƙa. Umarni da raɗa ake bayarwa. Lokaci-lokaci a tsayar da inji, wani ya lallaɓa gaba ya saki igiya mai dalma a baki ya auna zurfi. Gindin dalmar an shafa masa kitse, sai ya ɗauko yashin ƙasan teku. Jagoran Banshee, Tom Burroughs, ɗan yankin ne, yakan duba yashin nan ya faɗi inda suke. Rayuwar kowa a hannunsa take, kuma shi ne ya fi kowa shiga haɗari, domin jagora ɗan Kudu in aka kama shi ba a sakinsa, fursunan yaƙi ne.

A tafiyarta ta farko, cikin watan Mayu na 1863, haka Banshee ta riƙa wuce jiragen Tarayya ɗaya bayan ɗaya, a tsaya cik, a saurara, a zagaye. Gari ya soma wayewa kafin su kai, aka hango su aka buɗe musu wuta, sai igwogin Fort Fisher suka amsa, masu bin su suka ja da baya. Wata tafiyar kuma, Taylor ya ɗauko wani dokin Larabawa da aka aiko daga Masar kyauta ga Jefferson Davis, shugaban 'yan aware. Suna tsakiyar jiragen abokan gaba dokin ya shaƙi ƙanshin ƙasa ya yi haniniya. Aka yi ta jefa masa riguna a ka, amma an riga an ji, sai da gudu ya cece su.

Kuɗin, da waɗanda suka samar da shi

Ladan wannan kasada ba ƙarami ba ne. A lokacin da harkar ta kai ƙololuwa, kyaftin na iya karɓar fam 1,000 a tafiya ɗaya, zuwa da dawowa, jagora fam 750, babban injiniya 500, ɗan ƙaramin ma'aikaci kuma 50, abin da zai daɗe bai tara ba a jirgin kasuwa. Har hafsoshin sojan ruwan Birtaniya suka riƙa ɗaukar hutu suna shiga da sunan ƙarya. Ɗaya daga cikinsu, Hobart-Hampden, daga baya ya zama babban kwamanda a rundunar ruwan Daular Usmaniyya. A Wilmington injinan matse auduga na aiki dare da rana, a danne dila ta ƙanƙance, a cusa cikin jirgi, a jera wasu a bisa bene har jirgin ya koma kamar tulin auduga mai hayaƙi.

Wannan audugar bayi suka shuka ta, suka tsince ta. Bayi ne da yawa daga cikin masu loda ta a bakin ruwa. Tulin yashin Fort Fisher da ke ba jiragen kariya, da gumin bayi da na 'yan ƙabilar Lumbee da aka tilasta wa aiki aka tara shi. Bindigogin da jiragen ke shigowa da su kuma, aikinsu shi ne tabbatar da cewa waɗannan mutane da 'ya'yansu sun dawwama a hannun iyayengijinsu. Duk dilar da ta isa Liverpool, an sayi makamin tsare wanda ya noma ta da kuɗinta.

Akwai wani abu da ya faru a kan Banshee da ya tattara wannan duka. Wata fitowa daga Wilmington, jirgin yaƙi mai suna James Adger ya hango ta da safe ya bi ta. Awa goma sha biyar ana tsere cikin teku mai hauka. Don a rage nauyi, aka shiga tura dilolin da ke bisa bene cikin ruwa. Ana cikin haka sai ga mutum a tsaye, a matse tsakanin dila biyu. Bawa ne da ya gudu, ya shafe aƙalla kwana biyu a wurin, ba motsi. Taylor ya ce shi kansa ya kwana a kan dilolin nan, 'yan ƙafafu kaɗan daga inda mutumin yake, bai sani ba. Dare ya raba su da James Adger, kwal ya ƙare, suka ƙona katakon jirgin da auduga da man tafentin, wani man itace mai saurin kama wuta, kafin su kai Bahamas. Da suka isa Nassau, inda aka soke bauta tun 1834, mutumin ya sauka ɗa, jama'a suka tarbe shi da murna. Da jirgin ya koma Wilmington sai aka sa su biya dala 4,000, kuɗin da aka yi masa. A lissafin tafiyar, 'yancin ɗan Adam ya shiga layin hasara, kusa da dilolin da aka zubar a teku. Ko sunansa ba a rubuta ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Gudun bayi ta cikin jiragen ya yi yawa har hukumomin Wilmington suka riƙa turara cikin jirgi da hayaƙi kafin ya tashi, don wanda ya ɓuya ya fito ko ya shaƙe. Waɗansu kuma jiragen ƙawanyar suka nufa. Daren 21 ga Satumba 1862, wani bawa magini mai suna William Gould da mutum bakwai suka ɗauki kwale-kwale suka tuƙa har bakin kogin, jirgin Tarayya mai suna Cambridge ya tsince su. Gould ya shiga sojan ruwa, ya koma yana farautar jiragen da ke yi wa tsofaffin iyayengijinsa hidima. A daidai lokacin Wilmington na fama da annobar zazzaɓin shawara da ta kashe mutum fiye da 600, wadda ake dangantawa da wani jirgin fasa-ƙwauri mai suna Kate da ya zo daga Nassau.

Rana dubu ta ɓarawo. Ranar 21 ga Nuwamba 1863, a kan hanyarta ta zuwa Wilmington, jirgin dakon soja Fulton da jirgin yaƙi Grand Gulf suka rutsa Banshee suka kama ta. Taylor ba ya ciki. A lissafinsa ta yi zuwa da dawowa sau takwas cikin wata shida, kuma masu hannun jari sun samu ribar kashi 700 cikin ɗari duk da rasa jirgin. Kotun ganima ta New York ta halatta kamun, rundunar ruwan Tarayya ta saye ta a 1864, ta ɗora mata igwogi ta tura ta ƙawanyar Wilmington. Wannan dabara ce da suka saba: ba abin da ke kama jirgi mai gudu kamar ɗan'uwansa. A watan da aka kama Banshee aka kama Robert E. Lee, jirgin da aka sa wa sunan janar ɗin, wanda ya keta ƙawanya sau 21 a hannun John Wilkinson, shi ma aka sauya masa suna zuwa Fort Donelson aka sa shi tsaro. Bayan yaƙi an sayar da Banshee, ta koma dakon kasuwa da sunan Smallwood, daga baya Irene.

To, ƙawanyar ta yi aiki ko ba ta yi ba?

Masu cewa ba ta yi ba suna da hujja. Masanin tarihi Stephen Wise ya ƙirga jiragen tururi kusan 300 da suka gwada ketawa sau 1,300, suka yi nasara kusan sau 1,000. Ta wannan hanya Kudu ta samu bindigogi aƙalla 400,000, da dalmar harsashi, da sinadarin haɗa albarushi, da takalma da barguna da kwinin. Babu wani babban fagen fama da rundunar Lee ta rasa saboda ƙarewar harsashi. In ba don waɗannan jirage ba da yaƙin bai kai shekara huɗu ba, kuma wannan kansa nauyi ne a wuyan masu su, domin yaƙin ya ci rayuka fiye da 600,000.

Amma ƙirga waɗanda suka wuce ba shi ne ma'auni ba. A tambayi waɗanda ba su taso ba sam. A shekaru ukun da suka gabaci yaƙi, Kudu ta fitar da auduga kusan dila miliyan 10. A shekaru uku na ƙarshen yaƙin, abin da ya keta ƙawanya wajen rabin miliyan ne. Siffar Banshee ita kanta shaida ce. Ƙasar da tashoshinta ke buɗe ba ta buƙatar jirgi mai faɗin ƙafa 20 da ke jiran daren da babu wata. Ƙawanyar ta kori manyan jiragen dako daga hanya, ta bar ƙanana masu tsada waɗanda ba za su iya ɗauko ƙarfen layin dogo da kawunan jirgin ƙasa da manyan injuna ba, abubuwan da Kudu ta fi buƙata. Ta kuma kashe zirga-zirgar jiragen bakin gaɓa, duk nauyin ya koma kan layukan dogon da ke lalacewa ba gyara. Abinci na ruɓewa a wata jiha, ana yunwa a wata. A watan Afrilu na 1863 matan Richmond, babban birnin 'yan aware, suka fasa shaguna suna neman burodi. Ribar kashi 700 ba ta samuwa sai inda aka shaƙe mutane.

Ɗan wurin da ke cikin jiragen ma ba duka aka ba kayan yaƙi ba. Ɗan kasuwa abin da ya fi riba yake ɗauka, kuma siliki da giya da turare sun fi dalma riba, ga rashin nauyi. Sai a watan Fabrairu na 1864 gwamnatin Kudu ta hana shigo da kayan alatu, ta kuma tilasta wa jirage su ba ta rabin wurinsu. Ta makara da shekara biyu. Zuwa ƙarshen shekarar nama ake roƙo. Taylor ya ba da labarin yadda jami'an Richmond suka shaida masa cewa abincin rundunar Lee ya kusa ƙarewa, ya karɓi kwangilar kawowa kan ribar kashi 350, ya kuma cika alkawari da sabon jirginsu, Banshee ta biyu. Wani ɓangare na naman da ake saye a Nassau daga jihohin Tarayya yake fitowa, 'yan kasuwar can sun san inda zai ƙare.

Tashar Mobile ta rufu a watan Agusta na 1864, Wilmington ta zama maƙogwaron da ya rage. Harin farko kan Fort Fisher, a ƙarshen Disamba, ya ci tura, kuma tsohuwar Banshee na cikin jiragen da aka kawo a kan sansanin da ya sha ceton ta. Suka dawo a Janairu da jiragen yaƙi kusan 60 da sojan ƙasa wajen 8,000, cikinsu har da rundunonin baƙaƙen fata. Sansanin ya faɗi ranar 15 ga Janairu 1865. Sojan Tarayya suka bar fitilun jagora a kunne, jiragen fasa-ƙwauri biyu, Stag da Charlotte, suka shigo ba su san an yi canji ba, suka ajiye anga a hannun abokan gaba. Wilmington ta faɗi ranar 22 ga Fabrairu, Lee ya miƙa wuya ranar 9 ga Afrilu.

A 1872 kotun sulhu a Geneva ta sa Birtaniya ta biya Amurka dala miliyan 15.5, amma diyyar ta ɓarnar jiragen yaƙi irin su Alabama ce, waɗanda aka ƙera wa 'yan aware a Birtaniya. Masu jiragen fasa-ƙwauri ba wanda ya tuhume su, wanda ya fita da wuri ya tafi da ribarsa. Su kuwa masu masaƙun Lancashire sun fita da tsoron dogaro da gona ɗaya. Tun ana yaƙin suka karkata ga Indiya da Masar, inda noman auduga ya bunƙasa cikin 'yan shekaru. Da farashin audugar Amurka ya sake tashi a farkon ƙarni na 20, tsohon tsoron ya farka, aka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya, BCGA, a Manchester a 1902, ta kuma ɗora babban burinta a kan Arewacin Najeriya. Ta kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa, kuma begen auduga na cikin dalilan da suka jawo layin dogo har Kano a 1911. Sai dai masaƙan gida suna biyan manomi fiye da farashin da ƙungiyar ta yanka, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, saboda haka taragon da aka shirya wa auduga gyaɗa ya riƙa kwasa zuwa Legas.